Ƙudajen da leza ba ta kora ba

Da likita ya janye gilashin da ya manna mini a ido, ya ture na'urar gefe, abin da na fara tambayarsa shi ne, "Likita, yanzu baƙaƙen abubuwan nan da ke yawo mini a ido za su tafi ke nan?" Yana cire safar hannu ya ce, "A'a Malam, ba su muka yi wa aiki ba. Yagewar muka kewaye." Yana nufin yagewar da tantanin gani na bayan idona ya yi, wadda ya gama kewayewa da leza, wato wani haske mai ƙarfi da ke yin ƙuna. Na ji maganar da kunnena, amma ba ta shige ni ba. A lokacin idona na dama ba ya ganin komai sai wani duhu mai ja-ja, irin na wanda ya ƙura wa fitilar mota ido, hankalina kuma duk yana kan ko ganin zai dawo. Cikin 'yan mintoci ya dawo. Maganar tasa kuwa sai da na yi watanni kafin ta zauna mini.

Shekarata 48 a lokacin, kuma tun ina aji huɗu na firamare nake sa tabarau. Ba na ganin nesa, lambar gilashina ta dama −7 ce, ta hagu −6.5. Duk mai irin idona ya san 'yan zare-zaren nan marasa launi da ke yawo in an kalli sararin sama. Ka bi su da ido su gudu, ka tsaya su gangaro a hankali. Da su na girma, ban taɓa ɗaukarsu ciwo ba, kuma wannan sabon ne ya sa na yi jinkirin da bai kamata ba.

Wata Talata da dare na kashe fitila zan kwanta, ina juya kai sai na ga walƙiya a gefen idon dama, siririya, a lanƙwashe kamar jinjirin wata. Kafin in ce mene ne ta ɗauke. Na sake juyawa, ta sake bayyana. Na ce gajiyar kwamfuta ce, domin aikina lissafi ne, wuni nake ina kallon jadawali a kan farin allo. Laraba ma haka. Ranar Alhamis da hantsi ina duba wata takarda sai wani abu ya gifta, baƙi, mai kauri, kamar gashi ya faɗa mini a ido. Na kai hannu na share, yana nan. Kafin azahar sai ga ɗige-ɗige ƙanana baƙi ƙirin, ba goma ba, ba ashirin ba, ɗaruruwa, kamar an busa mini garin gawayi, ga wani hayaƙi-hayaƙi yana murɗawa a tsakiyarsu duk sa'ad da na motsa ido. Na wanke fuska ya fi sau biyar. Da yamma na ce wa uwargida ta duba mini. Ta haska fitilar waya, ta ɗaga fatar idon sama da ƙasa, ta ce, "Maigida, ni dai ban ga komai ba, idonka fari tas." Gaskiyarta. Babu ja, babu hawaye, babu zafi. Daga baya na gane cewa tantanin gani da ke shimfiɗe a bayan ido, wanda likitoci ke kira retina, ba ya jin ciwo. Harshe ɗaya ya iya, harshen haske. Ko jan sa aka yi, ko yaga shi, abin da zai aika wa ƙwaƙwalwa shi ne an ga haske. Walƙiyar nan ta daren Talata kukansa ne.

Da safiyar Juma'a na je wurin mai gwajin tabarau da tunanin lambar gilashina ce ta canza. Tambaya uku ta yi mini, sai ta ajiye biro ta ce yau ba maganar gilashi za a yi ba. Ta rubuta 'yar takarda ta ce in kai wa likitan da ya ƙware a kan retina, kuma yau, kada in bari sai Litinin. A asibitin, mai ba da kati ta duba littafinta ta ce sai bayan sati uku. Ban iya gardama ba, amma ranar na yi. Na roƙe ta ta shigar wa likita da takardar ya karanta da kansa. Ba a yi minti goma ba aka kira sunana.

Aka ɗiga mini maganin buɗe baƙin ido, mai ɗan yaji, aka ce in jira rabin awa. Rubutun wayata ya dushe, hasken ɗakin ya fara soka mini ido. Likitan ya fara dubawa da na'urar nan da ake ɗora haɓa a kai, sannan ya kwantar da kujerar, ya ɗaura wata fitila a goshinsa, ya riƙe gilashi mai kauri a saitin idona. "Kalli sama. Sama ta dama. Dama. Ƙasa ta dama." Da wani ɗan siririn ƙarfe yake danna fatar idon daga waje don ya turo gefen tantanin zuwa inda zai iya hangowa. Wannan dannawar ta fi komai rashin daɗi a duk ranar, har da lezar kanta. Da ya zo kan sama ta dama sai ya daɗe. Na ji ya ce wa nas, "Ƙarfe goma sha ɗaya, mai kofaton doki." Ashe da fuskar agogo suke kwatanta wurare a cikin ido, kofaton doki kuma siffar yagewar da ya gani ce a tantanin.

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani da zane a bayan takardar magani. Mafi yawan cikin ƙwayar ido, kusan kashi huɗu cikin biyar, cike yake da wani ruwa mai kauri da yauƙi, garai-garai, wanda bai wuce mililita 4 ba. Kusan kashi 99 cikin ɗari na wannan abu ruwa ne zalla, sauran kuma wasu zaruruwa ne sirara da ke riƙe da shi. A ƙuruciya yana manne da tantanin gani ko'ina. Da shekaru suka ja sai ya fara tsinkewa, zaruruwan su dunƙule, wata rana ya saki bangon baya ya tattaro gaba. Wannan sakin ba cuta ba ne, yawancin mutane za su gamu da shi bayan shekara 50 ko 60. Masu rashin ganin nesa irina yana zo mana da wuri, saboda ƙwayar idonmu ta fi tsawo. Ta yawancin mutane wajen milimita 24 ce, tamu takan wuce 26, tantanin kuma ya miƙe ya yi siriri a gefe-gefe. Matsalar tana zuwa ne in ruwan ya riƙe wani wuri gam, kamar salatif da ake ɓarewa daga takarda, ya taho da ɗan ɓangarenta. Cikin masu zuwa asibiti da sabuwar walƙiya da sababbin ɗige-ɗige, kusan ɗaya cikin goma ana samunsu da yagewa. Irin tawa, mai leɓe a ɗage wanda ruwan ke ci gaba da ja, in aka bar ta har kusan rabi sukan kai ga ruwa ya kutsa ta ƙofar ya ɓanɓare tantanin daga bango. In aka kewaye ta da leza a kan lokaci, haɗarin yakan sauka ƙasa da biyar cikin ɗari. Tawa kuma a sama take, inda nauyin ruwa ke taimaka wa ɓarna. Ya ce yanzu za a yi.

Aikin bai kai kwata ɗaya na awa ba. An ɗiga maganin da ya kashe jin saman idon, aka shafa wani man ruwa a kan gilashi mai kama da ƙaramin mazurari, aka manna mini shi a ƙwayar ido don kada in ƙifta. Sai haske kore, mai tsananin ƙarfi, yana bugowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da 'yar ƙararsa, ƙit, ƙit, ƙit. Yawancinsu haske ne kawai. Amma jefi-jefi ɗaya zai zo da wani zafi mai zurfi, ba a saman ido ba, can ciki, ya ratsa har ƙeya, sai na ji na damƙe hannun kujera. Likitan ya ce in na ji irin wannan in yi magana, kada in janye kai. Leza ba ta ɗinke yagewar. Ƙananan ƙuna take yi a jere, layi biyu ko uku, zagaye da ita, kamar mai walda yana ɗiga wuta a bakin ƙarfe. Kowace ƙuna in ta warke sai ta zama tabo, tabon ya haɗe tantanin da bangon da ke ƙarƙashinsa, ruwa ya rasa hanyar wucewa. Waldar kuma ba ta kamawa nan take, sai ta yi kwana goma zuwa sati biyu kafin ta yi ƙarfi sosai. Ya hana ni ɗaukar kaya masu nauyi da guje-guje da duk abin da zai girgiza kai a tsawon wannan lokaci, ya ce in dawo bayan sati biyu.

Washegari da na farka na kalli silin, sai gabana ya faɗi. Abubuwan sun fi na jiya. Garin gawayin yana nan, hayaƙin ya yi kauri, ga kuma wata saƙar gizo-gizo da ban san ta ba tana lilo daga sama. Abin da ya fara zo mini shi ne lezar ta ƙona mini ido. Kwana uku ina rufe idon hagu da tafin hannu ina gwada na dama, a kan bango, a kan takarda, a kan sararin sama, ina jin sau hamsin a wuni. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya zabura. Cikin dare kuma in ɗauki waya in yi ta karanta labaran mutane a intanet, waɗanda galibinsu masu shan wahala ne, don wanda ya warke ba ya dawowa ya ba da labari. A kwana na huɗu na kasa haƙuri na koma asibiti ba tare da ranata ta zo ba.

Bai yi mini faɗa ba. Ya sake buɗe idon, ya sake dannawa, ya ce waldar tana kamawa yadda ake so, babu sabuwar yagewa. Sannan ya warware mini abin da nake gani, kala-kala. Garin gawayin nan jini ne. Lokacin da tantanin ya yage, wata 'yar jijiya da ta ratsa wurin ta tsinke ta zubar da ɗan jini a cikin ruwan, tare da wasu ƙwayoyin launi da suka fito daga ƙarƙashin tantanin. Kowane ɗigo da nake gani inuwar ƙwayar jini ce ko tarin wasu 'yan kaɗan. Wannan jinin, jiki zai share shi da kansa, a hankali, cikin makonni ko watanni. Dalilin da ya sa ya fi yawa da safe kuwa shi ne in na kwanta a miƙe jinin yakan bazu, in na wuni a zaune ya kwanta a ƙasan ido. Ya ce in ƙara matashi in ɗaga kaina. Saƙar gizo-gizon ita ce bayan ruwan da ke ci gaba da saki yana tattarewa, domin sakin ba a rana ɗaya yake ƙarewa ba. Babban mai kaurin nan da na fara gani ranar Alhamis, wanda in na lura zobe ne da ya karye, tsoka ce 'yar mitsitsiya da ruwan ya ɓanɓaro daga bakin jijiyar gani. Suna kiransa zoben Weiss, kuma shi da wuya ya tafi. Na ce, "To lezar fa, ba ta ƙara komai ba?" Ya ce ƙuna ce, tana iya tayar da ɗan kumburi da zai saki wasu ƙwayoyi cikin ruwan na ɗan lokaci, ba zai ce sam ba ta da hannu ba. Amma mafi yawan abin da mutane ke ɗora mata, abin da ya kawo yagewar ne ke ci gaba da aikinsa. Ga shi kuma yanzu ina kallon idona da tsoro, abin da ban taɓa yi ba.

Na yarda da bayaninsa, amma ina da ƙorafi ɗaya har yau. Da an faɗa mini wannan dalla-dalla tun ranar farko, ko an ba ni shi a rubuce in karanta bayan idona ya washe, da ban yi kwana ukun nan a firgice ba. Mutumin da aka gama haska wa wuta a ido ba ya riƙe jimla ɗaya da aka faɗa masa ana cire safar hannu.

Abin da ya fi amfanata a wannan zuwan shi ne yadda ya raba mini tsoron da ke da amfani da wanda ba shi da shi. Ya ce in na ga ɗige-ɗige sababbi sun zubo da yawa lokaci guda, ko walƙiya ta ƙaru fiye da yadda na saba, ko wata inuwa kamar labule ta taso daga gefe, in zo a ranar, ko da dare ne. Ya koya mini bambancin labule da ƙudan ido, wato abubuwan nan masu yawo a gani. Ƙuda yana yawo, in ka juya ido ya biyo a makare, ya wuce, ya dawo yana lilo. Labule ba ya lilo. Yana tsaye a kusurwa ɗaya ta ganinka, duk inda ka kalla yana nan, kuma girma yake yi. Tun da hoto a juye yake sauka a bayan ido, yagewar da ke sama ta wajen kunne, inuwarta daga ƙasa ta wajen hanci za ta ɓullo. Ya ce can zan riƙa dubawa, sau ɗaya a rana, a wuri ɗaya, da haske iri ɗaya. Sau hamsin ba gwaji ba ne, azabtar da kai ne.

Da na koma gida sai halin ma'aikacin lissafi ya motsa. Na ɗauki littafi na zana da'ira, na raba ta huɗu, na rufe idon hagu ina kallon farin bango, na zana duk abin da nake gani a inda yake tsayawa in ido ya natsu. Har suna na sa musu. Zobe, wanda ke zaune ɗan dama da tsakiya. Talibambam, mai kai da dogon wutsiya, wanda ya fi kowa son ratsa layin da nake karantawa. Saƙa, a sama. Garin gawayin ban iya ƙirga shi ba, sai na riƙa rubuta ko ya fi na jiya ko bai kai ba. Uwargida ta ga littafin ta yi dariya ta ce, "Maigida, yanzu har rajista ka buɗe musu?" Na ce ai baƙin da ba su da niyyar tafiya gara a san sunayensu. Abin ya yi kama da wasa, amma daga ranar na fara barci. In wani abu ya gifta na razana, sai in tsaya in duba, in ga ashe Talibambam ne ya juya wutsiya.

Rajistar ce ta yi mini rana a sati na bakwai. A lokacin garin gawayin ya ragu ƙwarai, an duba ni a sati na biyu da na shida an ce lafiya. Wata safiya ina gwajina sai na ga ɗige-ɗige ƙanana, baƙaƙe sosai, masu kaifi, a ɓangaren da'irar da ya daɗe babu komai. Ba su kai na farko yawa ba, wataƙila talatin ko arba'in. Da ban san mazauna idona ɗaya-ɗaya ba, da na ce tsofaffin ne suka motsa. Na ajiye aiki na tafi. Yagewa ce ta biyu, ƙarama, wajen ƙarfe ɗaya, can gefe sosai inda gilashin mannawa ba ya kaiwa. Wannan karon a kwance aka yi mini, lezar tana fitowa daga fitilar goshinsa, yana danna idon da ƙarfen nan. Ya fi na farko zafi, amma bai kai shi daɗewa ba. Ya ce kusan ɗaya cikin goma na waɗanda aka yi wa aikin yagewa sukan sake samun wata a wani wurin, yawanci a watannin farko, lokacin da ruwan bai gama saki ba. Shingen da lezar farko ta yi yana nan daram, bai gaza ba. Shi dai abin da ya kewaye kawai yake tsarewa.

A zaman jiran da na yi ta yi a wancan lokaci na karanta tarihin aikin, kuma ya rage mini jin haushin lezar. Kafin shekarun 1920, wanda tantaninsa ya ɓanɓare kusan makanta ce ta same shi. Wani likita ɗan Suwizalan, Jules Gonin na birnin Lausanne, shi ya nace cewa yagewar ce tushen ɓarnar, kuma in aka toshe ta tantanin zai koma ya kwanta. Da ƙarfe mai zafi yake yi, yana soka shi ta farin ido. Bayan husufin rana na 1945 wani Bajamushe, Gerd Meyer-Schwickerath, ya lura da irin tabon da kallon rana ya bar wa mutane a bayan ido, ya ce ashe haske ma zai iya yin wannan ƙunar ba tare da an huda ido ba. A 1949 ya yi wa majiyyaci aiki a Hamburg da hasken rana tsagwaronsa, wanda ya tattaro da madubai daga saman rufin asibiti. In hadari ya rufe, sai likita da majiyyaci su zauna jira. Leza ba ta zo duniya ba sai 1960. Da na tuna ƙarfen Gonin, sai koren hasken nan da ya sa ni damƙe kujera ya zama mini abin godiya.

A wata na biyar jinin ya share, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Zobe da Talibambam da Saƙa kuwa suna nan, kuma a aikina sun dame ni ba kaɗan ba. Farin allon kwamfuta shi ne filin wasansu. Haske mai yawa yana tsuke baƙin ido, in ya tsuke kuma inuwar duk abin da ke cikin ruwan sai ta yi kaifi. Shi ya sa suka fi fitowa a rana tsaka da kan farar takarda, su kusan ɓacewa da magariba. Na mayar da allon kwamfuta da na waya baƙi da farin rubutu, na rage haskensu, na sa aka yi mini tabarau mai duhu na fita waje. Na koyi wata dabara kuma: in Talibambam ya zauna a kan lambar da nake dubawa, sai in kalli sama in kalli ƙasa da sauri, ruwan ya kaɗa ya tafi da shi, in sami daƙiƙa goma ko sha biyar kafin ya dawo. Akwai ranakun da abin ya ishe ni har na rufe kwamfuta na zauna shiru. Wanda bai gani ba zai ce ƙaramin abu ne, tun da a allon gwaji ina karanta layin ƙasa daidai. Allon gwaji ba ya auna yadda ake gajiya da abin da ke gilmawa a gabanka daga farkawa har barci.

Don haka na tambayi likita ko akwai hanyar kwashe su. Ya ce hanya biyu ce. Akwai wata leza daban, ana ce mata YAG, wadda ake harba wa dunƙulen kansa don a farfasa shi. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2017, mai mutum 52 waɗanda dukkansu zoben Weiss ne ke damunsu, kusan rabin waɗanda aka yi wa aikin sun ce sun sami sauƙi sosai. Amma mutanen kaɗan ne, wata shida kawai aka bi su, kuma irin Saƙa mai bazuwa ba ta cikin abin da aka gwada. Hanya ta biyu tiyata ce, bitrektomi, wadda likita Robert Machemer ya fara a Miami ta Amurka a 1970. Ana shiga ta ƙananan huji a farin ido a tsotse ruwan mai yauƙi gaba ɗaya, a maye shi da ruwan gishiri, daga baya ido ya cika wurin da nasa ruwan. Wannan tana kwashe su da gaske. Sai dai ga mai shekaruna kusan tabbas ne za ta gaggauta yanar ido, tana iya jawo sabuwar yagewa ko ɓanɓarewar da muke gudu, kuma ko da yake da wuya, ƙwayar cuta tana iya shiga. Ya ce yana yi wa waɗanda abin ya hana su aiki ko tuƙi, bayan sun jira aƙalla wata shida zuwa shekara, kuma ba ya raina wanda ya zaɓi haka. Ni da idona ya yage sau biyu, na ga kada garin neman gira a rasa ido. Na ce zan jira.

An ce sabo turken wawa, amma a wannan lamarin sabo ne maganin da ya yi mini aiki. Abu biyu ne suka faru tare. Ruwan ya ƙara matsowa gaba, ya yi nisa da tantanin, inuwar ta dushe, kamar yadda inuwar hannu ke bajewa in ka janye shi daga bango. Zobe da a da yake baƙi mai kaifin baki, yanzu toka-toka ne, kamar tabon yatsa a jikin gilashi. Ƙwaƙwalwa kuma ta gaji da kawo rahoton abin da ba ya cizo. Ban san ranar da hakan ta faru ba. Na dai lura wata rana a wata na tara cewa na gama rahoton ƙarshen wata tun safe har la'asar ban tuna da su ba, kuma ina tunawa sai ga su duka, kowa a mazauninsa. In na yi rashin barci ko raina ya ɓaci sun fi fitowa. Walƙiyar ma takan leƙo jefi-jefi a cikin duhu, siririya, a wurinta na da, kuma an ce mini muddin ba ta canza hali ba in bar ta.

Yanzu wata goma sha huɗu ke nan da lezar farko. Gwajin safe bai kai minti ɗaya ba: in rufe hagu, in kalli bango, in kaɗa yatsu a kusurwa huɗu, in fi daɗewa a ƙasa ta wajen hanci, sannan in rufe dama in yi wa hagu haka. A zuwana na ƙarshe likita ya ce tabon wuraren biyu ya yi baƙi ya kama sosai. Ya daɗe a kan idon hagu fiye da na dama, sannan ya ce ruwansa bai saki ba tukuna, amma in sa rai, domin in ɗaya ya yi, ɗayan ba ya cika daɗewa. Ya ba ni wata shida, ya ce in walƙiya ta riga ranar zuwa kada in jira ta Alhamis. Da na dawo na buɗe littafin a shafi na gaba, na zana wata da'irar na rubuta "hagu" a samanta. Zare biyu ne a ciki zuwa yanzu, marasa launi, tsofaffin nan na tun firamare.